Tsohon Katin Alhaji Labaran

Adawiyya tana tsakiyar goge barandar ɗakin maza aka shigo da shi, mutum biyu sun tallabo shi, ƙafafunsa na jan ƙasa a kan wurin da ta gama gogewa. Ta janye bokitinta gefe, bakinta cike da mitar da ta saba yi wa masu ɓata mata aiki. Da ta ɗago kai sai mitar ta maƙale.

Alhaji Labaran ne, ɗan kasuwar hatsi na Kusada, mutumin da ta zauna a gidansa shekara goma sha tara, ya kuma sake ta shekara biyu da suka wuce. Ya dafe mararsa da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa babbar riga sharkaf. Ƙaninsa Sharafaddeen ne a dama, amininsa Malam Kabo a hagu.

"Tun jiya da azahar bai yi fitsari ba," in ji Sharafaddeen ga nas ɗin da ta taro su. "Ko ɗigo."

A bayansu Sa'a, yayar Alhaji, ce ke tafe da carbi a hannu. Ita ce ta fara ganin Adawiyya. Ta tsaya cak, ta dube ta tun daga takalmin roba har ɗankwali.

"A'uzu billahi," in ji ta. "Har nan ma kina nan?"

Adawiyya ta matse tsumma, ta sake bin sawun da suka bari.

Mutanen Kusada ba sa kiranta da sunanta yanzu. Mai Kwaɗo suke ce mata. Asalin abin kuwa, a shekarun ƙarshe na aurensu Alhaji ya daina zuwa mata a matsayin miji. Yakan shigo ɗaki, ya juya mata baya, ya yi ta fita bayan gida yana dawowa. Ita ba ta gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarta ta rasu ba ta ji ba. Shi ne da kansa ya kai kuka wajen wani mai magani a Yashe, mai maganin kuma ya ce ɗaure shi aka yi, an kira sunansa an datse kwaɗon ƙofa a kai, kuma mai aikin tana cin tuwo a gidansa. Sa'a ba ta yi wata-wata ba, ta shiga ɗakin Adawiyya ta zazzage kwalla da akwati, har ta ci karo da wani tsohon kwaɗo a kulle. Na adakar marigayiya mahaifiyar Adawiyya ne, makullinsa ya ɓace tun tana amarya. Adawiyya ta faɗa, ta rantse, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ba wanda ya saurare ta. Sa'a ta ɗaga kwaɗon sama a tsakar gida, matan unguwa sun cika har zaure, Alhaji kuwa yana zaune a kan tabarma yana kallon yatsun ƙafarsa. Kafin magariba takardar sakin Adawiyya tana hannunta.

An fasa kwaɗon da guduma, Alhaji ya auri wata bazawara daga Bauranya, wata uku ta tattara kayanta ta tafi. Mai hankali zai ce magana ta ƙare ke nan. Ina! Cewa aka yi ai akwai kwaɗo na biyu, ta jefa shi a rijiya.

A gidan yayanta a garin Ƙofa zama ya gagare ta, don ko suna ta je sai ta ga mata suna janye mazajensu daga hira kamar za ta sa su a aljihu. Shi ya sa ta dawo Kankiya wajen gwaggonta, ta samu aikin shara a wannan asibiti. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne na Salma, 'yarta ta fari da ke gidan uban. Kamalu ɗan Malam Kabo ya nemi aurenta, yaran suna son juna, amma uwar Kamalu ta ce ɗanta ba zai kwana ɗaki ɗaya da 'yar Mai Kwaɗo ba. Wata bakwai ke nan maganar tana rataye, Salma tana ramewa, in ta kira uwarta a waya sai dai su yi ta jin numfashin juna.

"Adawiyya!" nas ta ƙwala mata kira daga ciki. "Zo da bokiti, gado na huɗu."

An riga an sa wa Alhaji robar fitsari. An ja labule an zagaye gadon, an kuma kori 'yan'uwa waje. Abin da ya zuba a ƙasa ya gangaro ta ƙarƙashin labulen, shi aka kira ta ta goge. Ta durƙusa ta waje, ba ta ganin kowa sai takalman likita. Tana jin Alhaji yana sauke ajiyar zuciya yana ta hamdala, kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka.

"Baba," in ji likitan, wani matashi mai sanyin murya, tana jin ƙarar takardu a hannunsa, "ashe ba yau ka fara zuwa nan ba. Ga tsohon katinka an nemo."

Likitan ya ci gaba.

"Shekara uku da wata biyu. Ka zo ka ce fitsari yana fita da ƙyar, kaɗan-kaɗan. Ka kuma ce ba ka iya biyan buƙatar iyali. Ga shi nan an rubuta. Likitan da ya gan ka bai yi maka bayani ba?"

"Ya yi."

"To ai shi ne dai. Akwai wani ɗan nama kamar goro a ƙasan mafitsarar kowane namiji, furostet muke ce masa. In shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar fitsari. Sau da yawa kuma shi da raunin gaba tare suke zuwa, balle ga mai hawan jini irinka, don jinin ba ya isa inda ake buƙatarsa. Ba kai kaɗai ba ne, Baba, rabin tsofaffin ɗakin nan abin da ya kawo su ke nan. An rubuta maka magani, an ce ka dawo bayan wata guda. Ba ka dawo ba."

"Likita," in ji Alhaji, "don Allah rage murya."

Tsumman ya tsaya a hannun Adawiyya. Shekara uku da wata biyu. Ranar da Sa'a ta ɗaga kwaɗo a tsakar gida shekara biyu ce da 'yan kwanaki. Wato ranar nan da yake zaune yana kallon yatsun ƙafarsa, ya fi shekara da sanin sunan ciwonsa. Ya sani tana rantsuwa, ya sani tana kuka, ya sani lokacin da yake rubuta takardar.

Duk tsawon shekara biyun nan tana yi masa uzuri, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Takan ce wa gwaggonta Alhaji ba mugu ba ne, ruɗa shi aka yi, tsoro ne da jahilci. Ashe ita ce jahilar.

Ta tashi da bokitin ta fita ta ƙofar baya, inda ake shanya zannuwan gado. Nan ta tsaya. Ba kuka ne ya zo mata ba, wata irin ƙiyayya ce tsantsa, mai sanyi, har ta ji ta a haƙora. Wallahi sai ta rama. Ta san inda ake ajiye katuna, ta san lokacin da mai kula da su yake fita salla. Za ta ɗauki hoton katin da wayarta, ta tura wa kowace mace a Kusada, ta sa a karanta shi a wajen niƙa da bakin rijiya. Ta ciro wayar ma daga ƙugunta. Sai ta tuna da mutanen da take magana a kansu. Waɗanda suka ƙirƙiro kwaɗo na biyu ba za su rasa cewa ai a asibitin take aiki, ita ta sa aka rubuta ba. A kore ta daga aiki, sunan kuma yana nan daram. Takarda ba za ta wanke ta ba. Bakin Alhaji da ya yi shiru ran nan, shi za ta buɗe.

Bayan azahar 'yan'uwan suka fita salla da neman abinci. Nas ta ce a je a zubar da ledar fitsarin gado na huɗu. Abokiyar aikinta da ta san labarin ta miƙe za ta je, Adawiyya ta ce ta bari, ita za ta je.

Alhaji ya ga shigowarta. Ya yi ƙoƙarin jan zane ya rufe robar, hannunsa ya kasa. Ta tsuguna, ta buɗe bakin ledar a kan fo, fitsarin ya fara zuba jawur da jini. Ba ta yi sauri ba.

"Adawiyya."

Ta ci gaba da kallon fo.

"Adawiyya, likita ya ce yau za a wuce da ni Katsina. Ya ce jinin ga bai yi mashi daɗi ba, ƙila sai an yi aiki." Muryarsa ta karye. "Kin san gidanmu. Baba aiki anka yi mashi bai tashi ba. Yaya Umar ma haka. Ni na san in anka kwantar da ni ba lallai in tashi ba."

"Allah shi sawwaƙe," in ji ta, kamar yadda take ce wa kowane majinyaci.

"Ki yafe mani. Kada in tahi da haƙƙinki."

Ta rufe bakin ledar, ta ɗago ta dube shi. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat, idanun sun faɗa. Ta nemi tausayi a zuciyarta, tsakani da Allah ta nema, ba ta samu ko ƙwaya ba.

"Ina bayan labulen ga ɗazu, Alhaji. Na ji katinka."

Ya rufe ido. Wani tsoho a gado na bakwai ya yi tari.

"Kin san kasuwa," in ji shi daga baya, can ƙasa-ƙasa. "Namiji in anka ce sammu anka yi mashi, tausayinshi ake ji, ana kawo mashi taimako. In anka ce ciwo ne, shi kenan ya zama abin dariya, ko yaran awo sai sun yi mashi waƙa. Ni ban ce ke ce ba. Sa'a ce ta samo kwaɗon. Ni shiru kawai na yi."

"Shirun ne ya rubuta mani takarda?"

"Adawiyya, ki dubi Allah."

"Shi nake dubawa shekara biyu. Kai wa ka duba? Ɗiyarka na nan cikin gidanka kamar kazar da ruwa ya doka, kana ganin ta safe da yamma, kana da kalma ɗaya da za ta warware mata, ka ƙi faɗi."

"In na dawo zan gyara. Ki yafe mani yanzu, tsakanina da ke, ba sai kowa ya ji ba."

Ta miƙe da fo a hannu. "Tsakar gida kunka ɗora mani, mata har zaure. Ba a bayan labule za ka sauke ba."

Da la'asar motar da Sharafaddeen ya nemo ta iso bakin baranda. Aka zaunar da Alhaji a gefen gado, aka sa masa hula, aka ɓoye ledar fitsarin a cikin babbar riga. Kafin a ɗaga shi ya ce a dakata. Kowa ya san abin da ya rage, don ba a kai mutum ƙarƙashin wuƙar likita bai nemi gafarar mutanensa ba. Ya fara da Sa'a, ta fashe da kuka ta ce bai yi mata komai ba, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Ya juya ga Sharafaddeen, sannan Malam Kabo, wanda ya riƙe hannunsa ya ce shekara arba'in suna rumfa ɗaya ko kallon banza bai taɓa haɗa su ba. Har nas sai da ya roƙa, ta yi dariya ta ce ta yafe.

Adawiyya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ba kiran ta aka yi ba, kuma ba ta da niyyar matsawa. Alhaji ya dube ta. Ta ga lissafin da yake yi a idonsa: a gaban mutane ba za ta iya ƙi ba, ba a taɓa yi ba, ko maƙiyi in ya roƙa a irin wannan hali cewa ake an yafe.

"Uwar Salma," in ji shi, "ke ma ki yafe mani."

"Oh ni!" Sa'a ta tafa hannu. "Kai ne ma za ka roƙe ta? Ita da ta kai ka ga wannan hali?"

Adawiyya ta jingine tsintsiyar a bango, ta shigo har tsakiyar ɗakin. Majinyatan sauran gadajen duk sun juyo.

"Me zan yafe, Alhaji?"

"Duk abin da ya faru."

"Abubuwa da yawa sun faru. Wanne?"

"Adawiyya," in ji Sharafaddeen, "ba lokacin wannan ba ne. Ki ce kin yafe mu kama hanya."

"Ba da kai nake ba. Mutum ba ya yafe abin da ba a faɗa mashi ba. Shi faɗi, ga Malam Kabo nan shi ji."

Direba ya danna oda a waje. Alhaji ya dubi ƙofa, ya dubi yayarsa, ya dubi amininsa. Adawiyya ta tsaya tana kallon tsoron mutuwa da kunyar duniya suna kokawa a fuskar mutum ɗaya, kuma, Allah ya gani, daɗi ta ji.

"Ba ta yi mani komai ba," in ji shi a ƙarshe, idonsa a ƙasa. "Ba wani kwaɗo. Ciwo ne, wanga da ya kawo ni yau. Shi ya kashe mani gaba. Likita ya gaya mani tun kafin a shiga ɗakinta. Na sani, na ƙyale."

Carbin Sa'a ya daina motsi. Malam Kabo ya saki hannun Alhaji a hankali, ya ce, "Innalillahi. Labaran, kai kuwa?" Tsohon gado na bakwai ya yi salati da ƙarfi.

Wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjin Adawiyya. Ta buɗe baki. Kalmar tana kan harshenta, saura kaɗan ta fita.

Sa'a ce ta riga ta. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta gyara tsayuwa, ta dubi mazan biyu ɗaya bayan ɗaya.

"Tau, an ji," in ji ta. "Zafin ciwo ne, mutum na iya faɗin komi. Maganar ga ta tsaya cikin ɗakin ga. Sharafaddeen, ka ji ni. Malam Kabo, amininka ne, ka rufa mashi asiri kamar yadda Allah ya rufa maka. Ba za a yi da gidanmu a kasuwa ba." Sannan ta juyo ga Adawiyya, a karo na farko cikin shekara biyu ta kira ta da sunanta. "Adawiyya, ai kin ji abin da kike so. Ce kin yafe."

Adawiyya ta dubi Malam Kabo. Ya sunkuyar da kai yana murza gemu. Mutumin kirki ne, amma ta san shi, ba zai iya tsayawa gaban matarsa ya tona asirin amininsa da ke kwance a asibiti ba. Sharafaddeen kuwa tun yana yaro bai taɓa tsallake maganar Sa'a ba. Wato gaskiyar za ta hau mota ta tafi Katsina tare da mai ita, Kusada kuma ta kwana da Mai Kwaɗo kamar jiya.

Ta haɗiye kalmar.

"Ban yafe ba," in ji ta.

Nas ta dafe baki.

"Ka tahi a yi maka aiki, Alhaji. In ka dawo, ka sa a tara matan da sunka cika gidanka ran nan, a kira uwar Kamalu ta zauna gaba, ka maimaita abin da ka faɗi yanzu da bakinka. Ran nan ka tambaye ni."

"In ban dawo ba fa?" Muryarsa ta zama ta ƙaramin yaro. "Adawiyya, in ban tashi ba?"

"Sai mu haɗu inda ba a rufa wa kowa asiri."

Sa'a ta fara zagi, ta kira ta marar imani, ta kira ta abin da ya fi haka. Sharafaddeen da Malam Kabo suka ɗaga Alhaji, yana waiwaye yana kiran sunanta har aka sa shi a mota. Adawiyya ta bi su zuwa baranda ta tsaya, ba ta ɗaga hannu ba. Motar ta fita ƙofar asibitin ta hau titin Katsina.

Sai a lokacin ta tuna ba ta yi la'asar ba. Ta yi alwala a famfon bayan ɗakin, ta shimfiɗa ɗankwalinta na canji a inuwar zannuwan da aka shanya. Da ta sallame ta ɗaga hannu, ta yi wa mahaifiyarta addu'a, ta yi wa Salma. A Kusada yau akwai masu yi wa Alhaji Labaran fatan tashi, 'yan'uwa da abokan ciniki, amma ta san duk cikinsu ba mai buƙatar ransa kamar ita.

"Ya Allah," in ji ta, haƙoranta a cije, "ka ba likitocin nan sa'a. Ka tashe shi. Ka dawo mani da shi da ransa, da hankalinsa, da bakinsa."

Ta shafa, ta naɗe ɗankwalin, ta koma ciki ta yaye zanin gado na huɗu.